Yadda Ake Kai Aikin Jinya na Yini Ɗaya Ƙauye Daga Ikilisiya

Da zarar kaka ta yi, hanyoyi sun bushe, sai ka ji sakataren majami'a ya tashi bayan baiko yana sanarwa cewa za a kai magani ƙauye, masu niyya su ba da suna. Matasa su ɗaga hannu, zumuntar mata ta ɗauki nauyin girki, wani dattijo ya yi alkawarin aron mota. Niyya ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba. Inda ake samun tangarɗa shi ne sanin kan aikin, domin na sha ganin an kwashi kwalaye an tafi, an raba ƙwayoyi kamar ana rabon alewa, an ɗauki hoto an dawo, ƙauye kuwa yana nan yadda aka same shi.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, yanzu na ajiye aikin gwamnati, kuma na daɗe ina bin irin wannan tafiya zuwa ƙauyukan Maguzawa na kudancin Katsina da Kano, da wasu rugage na kusa da su. Abu ɗaya nake so mai farawa ya riƙe. 'Yan mishan ɗin da iyayenmu ke ba da labarinsu zama suka yi. Asibitin Vom kusa da Jos tun 1922 yake, asibitin ido na Kano tun 1943, na Galmi a Nijar tun 1950, kuma har gobe ƙofofinsu a buɗe suke. Mu kuwa yini ɗaya muke yi mu juya. Don haka duk abin da za a yi a yinin nan a fara tambaya: in mota ta tashi, wa zai ci gaba da kula da mutumin nan?

Mutane da kayan da ake bukata

Mutum goma sha biyu zuwa sha biyar sun isa. A cikinsu a sami masu duba marasa lafiya biyu ko uku masu lasisi, likita ko jami'in lafiya, kuma lallai ɗaya mace. Sai ungozomar asibiti ɗaya, mai gwajin jini ɗaya, mutum biyu a teburin magani wanda ɗayansu ya san magani da gaske, masu rubuta suna biyu, masu tsara layi biyu, da direba. In akwai Fulani a yankin a nemi mai jin Fulatanci, mace ta fi. Ragowar matasan da ke son zuwa kallo a ba su haƙuri, kowane baki da aka ƙara abinci ne da wurin zama a mota.

Kayan awo: na'urar awon hawan jini biyu da batir na ajiya, abin sauraren ƙirji, ma'aunin zafin jiki, sikeli, tef ɗin awon damtsen yara mai launi uku, na'urar awon suga, kayan gwajin zazzaɓin cizon sauro, kayan gwajin ciki, tocila, da agogo mai nuna sakan.

Magani: Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro, ko makamancinsa na kowane rukunin nauyi, farasitamol na manya da na yara, gishirin gudawa na leda da zinc, amoxicillin, albendazole na tsutsar ciki, maganin ƙarin jini da folic acid, Fansidar na masu ciki, man shafawa na ƙazuwa da na makero, man ido na tetracycline, maganin gyambon ciki, da kayan wankin ciwo, wato auduga, bandeji, filasta da aidin.

Sauran tarkace: safar hannu, sabulu, buta da bokiti, Jik, kwalin zubar da allura, ledar shara, ƙananan ledojin magani, alƙalamin maka, katuna masu lamba, babban littafin rajista, takardun turawa asibiti, igiya, zannuwa na yin labule, tabarmi, tamfol, da jarkokin ruwan sha. Ku zo da abincinku. Kada ku sa mutanen da kuka je taimaka wa su yanka kajinsu saboda ku, ko da yake za su so yin hakan.

1. Ziyarar farko

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sati huɗu ko shida kafin ranar, mutum biyu su je ƙauyen da ƙafarsu. In ikilisiya tana da mai bishara da ke zaune a can, shi ne ɗan jagora, amma kada ku tsaya a gidansa ku ce kun ga gari. Ya raka ku wurin mai unguwa da dagaci. A cire takalmi, a gaisa yadda ya kamata, sannan a yi magana a buɗe: “Ranka ya daɗe, daga majami'a kaza muke, muna so mu kawo duba lafiya kyauta ga kowa da kowa, in ka yarda.” Kada a ɓoye cewa Kirista ne ku. Abin da aka ɓoye yau, shi ne zai zama jita-jita ranar aiki.

Daga nan a gai da limamin gari, a gai da ungozomar gargajiya da wanzami. Masu farawa sukan raina mutanen nan biyu, alhali a hannunsu mata ke haihuwa, su ake fara kira in yaro ya kwanta. Wanda kuka tsallake shi ne zai ce wa mutane maganinku na hana haihuwa ne.

Na ƙarshe kuma mafi muhimmanci, ku nemi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ku zauna da mai kula da shi. Ku tambaye shi cututtukan da suka fi damun mutane, ranar da yake awon ciki da rigakafi, wane babban asibiti yake tura mutane, kuma tafiyar minti nawa ce a babur. Ku roƙe shi ya zo ya yi aiki tare da ku ranar. Shi zai saura bayan kun tafi.

2. Takardu

A rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma takarda, a faɗi rana, wuri da sunayen ma'aikata, a kai kwafi ga hakimi da ofishin 'yan sanda. Ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi a cikin mota. Wani lokaci sashen lafiya yakan taimaka da kayan gwaji, bitamin A ko gidan sauro in an nema da wuri.

Kowane mai duba marasa lafiya ya zo da kwafin lasisinsa. In akwai baƙin likitoci daga Amurka, Koriya ko wata ƙasa, doka ta ce sai sun yi rajistar wucin gadi da hukumar likitoci ta ƙasa kafin su taɓa majinyaci a Nijeriya, kuma wannan ba aikin sati ɗaya ba ne. Baƙon da ba shi da ita yana iya ƙirga magani ko awon nauyi. Ɗalibin jinya ma haka, yana aiki ne a ƙarƙashin idon mai lasisi.

3. Zaɓen rana da batun tsaro

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi sauƙi: an gama girbi, mota tana shiga, rana ba ta yi zafi ba. Gaskiya cuta ta fi yawa da damina, musamman daga Agusta zuwa Oktoba lokacin da zazzaɓi ke kayar da yara, to in kuna da mota mai ƙarfi da direban da ya san laka, zuwan lokacin ya fi amfani. A kauce wa ranar kasuwa, Juma'a, Lahadi, da watan azumi, domin mai azumi ba zai haɗiyi ƙwaya a gabanku ba, wasu ma ba za su yarda a ɗiga musu magani a ido ba.

Halin da ake ciki na 'yan bindiga ba wasa ba ne. Kada a sa rana da sunan ƙauye a Facebook ko rediyo. Mai shelar gari ya isa, kwana biyu kafin ranar. Da asubar ranar a kira mutum biyu daban-daban a ƙauyen a ji lafiyar hanya, in ɗaya ya yi jim kafin ya amsa, a fasa. A tsayar da lokacin tashi tun daga gida, mu ƙarfe uku muke rufe kati, kafin huɗu muna kan hanya. Inda babu kwanciyar hankali kada a kwana, kada kuma a tafi da baƙin Turawa.

4. Sayen magani da ƙulla shi

A saya a wurin dillali mai rajista, ba a kan tebur a kasuwa ba. Ikilisiyoyi da yawa suna saye ta hannun sashen magani na CHAN, ƙungiyar asibitocin Kirista ta Nijeriya, da ke Jos. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kan kowane kwali, ba na sama kaɗai ba.

Maganin kyauta yana da nasa ciwon kai. Za a kawo muku buhu daga wani mai alheri, ku buɗe ku tarar da ragowar maganin marasa lafiya, wani saura wata ɗaya ya lalace, wani rubutunsa da harshen da babu mai karantawa. A yi godiya, a ware shi gefe, kada ya shiga mota. Haka nan tramadol, maganin barci da ruwan tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana tun 2018, ba su da wurin zama a kayanku. Samarin gari za su zo suna tambaya da sunan ciwon baya.

Kwana biyu kafin tafiya a zauna a ƙirga ƙwayoyi cikin ƙananan ledoji, a rubuta suna da adadi. Tunda yawancin masu karɓa ba sa karatu, muna zana alama: rana mai fitowa don safe, cikakkiyar rana don tsakar rana, jinjirin wata don dare, a ƙarƙashin kowace a ɗiga ɗigo daidai yawan ƙwayar da za a sha. In kuka bar wannan aiki sai ranar, teburin magani zai toshe tun kafin hantsi.

Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da aka tara kada a saye magani da shi. A ajiye, za ku ga amfaninsa a mataki na 9.

5. Tsara wuri

Makarantar firamare ta fi ko'ina, ranar Asabar. Ina ba da shawara kada a yi a cikin majami'a ko da ita ce ginin da ya fi kyau a garin, saboda akwai matar da ciwo zai ci ta a gida amma ba za ta taka harabar coci ba, kuma ita ma dominta kuka zo. In babu makaranta, inuwar manyan itatuwa da tamfol da zannuwa sun wadatar.

A tsara hanya ɗaya mai shiga ta nan ta fita ta can: wurin jira, rajista da awo, gwaji, ɗakin dubawa, teburin magani, ƙofar fita. Layin maza daban, na mata da yara daban. Ɗakin mata ya kasance da labule na gaske, a toshe tagogi, domin yara leƙe suke yi. A ajiye buta da sabulu a kowane tebur.

Ku san iyakarku. Mai dubawa ɗaya in zai saurari mutum da kyau, hamsin zuwa sittin ne a yini. Masu dubawa uku ke nan kati 180, kada a ƙara. A faɗi adadin da babbar murya tun da safe. Katin kuma ɗanku ne zai raba shi hannu da hannu a kan layi. Mun taɓa ba wa wasu samarin gari su taya mu rabawa, kafin mu ankara sun cika aljihu suna sayar da shi a bayan aji, tsofaffin da suka zo tun asuba suna zaune ba su samu ba.

6. Tsamo masu tsanani daga layi

Kafin a kira lamba ta ɗaya, nas mafi gogewa ta bi layi a hankali tana buɗe goyo tana dubawa, kuma ta riƙa maimaitawa duk bayan awa ɗaya. Uwar da ɗanta ya fi kowa jin jiki galibi ita ce ke zaune can baya shiru, ba ta da ƙarfin turereniya. Wanda za a tsamo nan take: yaron da ya ƙi nono ko ruwa, mai amayar da komai, mai jijjiga, wanda ya langaɓe ba ya farkawa sosai, wanda haƙarƙarinsa ke lotsawa in ya ja numfashi, wanda tafin hannunsa ya yi fari fat, mai kumburin ƙafa biyu. A manya kuwa: mai ciki da ke zubar da jini ko ciwon kai mai tsanani da kumburi, da mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Waɗannan ba na layi ba ne. A ba su taimakon farko, mota ta tafi da su asibiti. Shi ya sa direba ba ya yin nisa, tanki kuma a cike yake.

7. Dubawa

Zazzaɓi shi ne rabin aikin. Doka ɗaya ce: a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro kafin a ba da magani. A karanta gwajin a lokacin da takardar kwalin ta ce, yawanci minti 15 zuwa 20, a rubuta lambar kati da lokaci a jikinsa don kada a haɗa na wani da na wani. In ya nuna, Coartem bisa nauyi ake bayarwa, ba bisa shekaru ba, tunda uwa za ta ce maka “an haife shi shekarar da aka yi ambaliya”. Kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya a kowane sha, 15 zuwa 24 biyu, 25 zuwa 34 uku, 35 zuwa sama huɗu. Sha shida ne cikin kwana uku: na farko a gabanku, na biyu bayan awa takwas, sannan safe da dare kwana biyu, tare da abinci mai ɗan maiƙo ko nono. In gwaji bai nuna ba, a nemi wani dalilin: kunne, maƙogwaro, ƙirji, fitsari. In kayan gwaji sun ƙare, a fifita yara ƙanana da masu ciki da sauran da ke hannu, manya masu ƙarfi a tura su asibitin sha-ka-tafi.

Yaro mai tari, a ƙirga numfashinsa minti ɗaya cif yana kwance a jikin uwarsa. Daga wata 2 zuwa 11, hamsin ko fiye ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, arba'in ko fiye. Shi ne mai bukatar amoxicillin. Mai mura kawai ba ya bukata, ko uwar ta ɓata rai.

Gudawa, ruwan gishiri da zinc na kwana goma zuwa sha huɗu, rabin ƙwaya ga jaririn da bai kai wata shida ba. Ku haɗa ruwan a gaban uwar. Leda ɗaya ta lita ɗaya ce, wato fiya wata biyu. Ku koya mata na gida saboda ranar da babu leda: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ta ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri.

Duk yaro daga wata 6 zuwa shekara 5 a auna damtsensa. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, turawa ake yi. Rawaya, a zauna da uwar a yi maganar kunun gyaɗa, waken suya, ƙwai da zogale, abin da ke cikin gidanta. Albendazole rabin ƙwaya ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyu, cikakkiya daga shekara biyu, a murƙushe wa ƙanana. Ba a ba mai ƙaramin ciki.

Mai ciki, ungozoma ta auna jininta, ta duba idonta da ƙafarta, ta ba ta maganin ƙarin jini. In cikin ya shiga wata huɗu ta haɗiyi Fansidar uku a nan, sai dai in tana shan Septrin kullum. Sannan a haɗa ta da mai kula da asibitin yankin ido da ido, ya faɗa mata ranar awo.

Hawan jini shi ne inda na yi kuskuren da har yau yake damuna. A farkon fitata na auna wani dattijo na ga jininsa ya hau sosai, na ƙulla masa maganin sati biyu, ya yi ta sa mini albarka. Ban rubuta sunansa ba, ban haɗa shi da kowa ba. Shi a saninsa ya sha magani ya warke. Da muka koma bayan shekara, a kan tabarma na same shi a zaure, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, yana ƙoƙarin gaishe ni baki ya karkace. Tun daga ranar, wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 sai ya huta a sake aunawa, in bai sauka ba a gaya masa a fili: “Baba, wannan ciwon ba a gama shan maganinsa, kamar cin abinci ne.” Ba ma fara wa kowa maganin hawan jini ko na suga sai mun san inda zai riƙa karɓa da wanda zai riƙa auna shi.

Za a matsa muku da neman allura da ƙarin ruwa, domin a wurin mutane da yawa wanda bai sha allura ba bai ga likita ba. A yi bayani da fara'a, kada a yi don a faranta rai. Masu ciwon jiki na noma kuma, kafin a ba su diclofenac ko ibuprofen a tambayi gyambon ciki, kada a ba mai ciki.

Akwai matan da ke cikin kulle ba za su fito ba. In mazajensu sun yarda, mata biyu daga cikinku su ɗauki jaka bayan azahar su bi gidaje tare da ungozomar gari.

8. Teburin magani

A nan aikin yini ke gyaruwa ko ya lalace. Mutum ɗaya yana haɗawa, ɗaya yana bayani, kuma ba a sallami kowa sai ya maimaita da bakinsa: “To Inna, faɗa mini yadda za ki ba shi.” Uwa mai yara uku, kowane yaro ledarsa daban da alama daban, a ɗaura zare mai launi a ledar da irinsa a hannun yaron. A ja kunne kada a raba maganin mutum ɗaya da maƙwabta, kada kuma a ajiye rabi don wata rana in zazzaɓi ya sauka. Kada ledar mutum ɗaya ta wuce magani iri uku ko huɗu. Wanda ya fito daga teburin a sa masa maka a farce, in ba haka ba za ku gan shi a layi da wata hular.

9. Turawa asibiti

Cewa mutum “ka je babban asibiti” ba turawa ba ce. Ya san da asibitin tun kafin ku zo, kuɗin mota da tsoron wulaƙanci suka hana shi. Turawa ita ce a rubuta takarda mai sunansa da abin da aka gani, a rubuta shi a littafinku da sunan unguwa da lambar wayar wani nasa, a sa rana, a san wanda zai raka shi, a biya mota daga kuɗin nan da aka ware.

Tun kafin tafiya ku san ƙofar kowace cuta. Tarin da ya wuce sati biyu da rama, gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Tabo a fata wanda ba ya jin taɓi, a yi zargin kuturta, ita ma maganinta kyauta ne kuma ana warkewa. Yanar ido, asibitin ido na ECWA a Kano ko wani asibitin ido na kusa, kuma ya fi sauƙi a tara tsofaffin a kai su mota ɗaya. Gwaiwa, a yi magana da likitan tiyata tun kafin a tura. Tamowa, cibiyar da ke ba da abincin gyaɗa na leda.

Masu yoyon fitsari ba sa shiga layi. Ta farko da na samu, a bayan katangar makaranta take tsaye ita kaɗai tun safe, da tsumma a naɗe cikin zane, tana jira mutane su ragu. Ungozomar gari ce ta ja ni gefe ta nuna mini ita da haɓa. Shekarunta da yawa a haka, mijin ya sake ta, ba ta san ana ɗinkewa ba. Ana yin aikin a Babbar Ruga a Katsina, a cibiyar Laure a Kano, a Jankwano a Jos, da Danja kusa da Maraɗi, galibi ba a biyan kuɗin tiyata. Ku tambayi ungozoma a asirce ko akwai irinsu, kada a yi shela.

10. Addu'a da bishara

A kan wannan mukan yi saɓani da wasu 'yan'uwa, ni dai ga matsayina. Mun zo ne cikin sunan Almasihu kuma mun faɗa tun ranar farko. Da safe mukan yi addu'armu, in dagaci ya yarda a buɗe taro da addu'a a fili, in liman yana wurin shi ma ya yi. Bayan haka ba a tsare mutane da wa'azi kafin a ba su kati, ba a cusa takardar bishara cikin ledar magani, ba a tambayar addinin kowa a rajista, ba a tara yaran mutane a koya musu waƙa ba da sanin iyayensu ba. Fasto ya zauna a inuwa can gefe, wanda yake son addu'a ko magana ya je da ƙafarsa, kuma suna zuwa. A Luka sura 17 kutare goma aka warkar, ɗaya ne ya dawo godiya, ba a kuwa karɓe lafiyar sauran taran ba. Mai bisharar da ke zaune a garin shi zai kwana da abin da kuka shuka, in kun bar mutane da jin an yi musu tarko da magani, shi za a daina gayyata suna da biki.

Hoto ma sai da izini. Fuskar yaro mai tamowa ba kayan neman gudummawa ba ce.

11. Abin da za a bari

Masu jira a layi suna da awanni a hannu, a yi amfani da su. Shirin lafiyar karkara na Garkida, a jihar Adamawa, tun shekarun 1970 ya nuna cewa labari da waƙa sun fi lacca shiga kunne, mu ma haka muke yi: tatsuniyar matar da ta ɗebo ruwa inda shanu ke sha, sannan a tambayi mata me ya kama ɗanta. Darasi biyu sun isa a yini, misali ruwan gishiri da kwana cikin gidan sauro.

Ku roƙi gari ya zaɓi mutum biyu, mace da namiji, masu aure da zama a garin, waɗanda za a koya wa awon damtse, haɗa ruwan gishiri da gane alamun haɗari. Gari ne zai zaɓa, ba fasto ba, kuma ba dole su zama 'yan ikilisiya ba. A bar musu tef da ledojin gishiri, a haɗa su da mai kula da asibiti.

Kafin ku tafi ku je ku ga inda ake ɗiban ruwa. In rabin yaran da kuka gani gudawa ce ko tsargiya, amsar tana can. Sau da yawa za ku tarar akwai fanfon tuƙa-tuƙa da ya lalace shekara biyu saboda ƙaramin ƙarfe. Gyaransa ya fi haƙa sabo araha nesa ba kusa ba, amma kada a gyara sai gari ya kafa kwamiti da mata a ciki, da ɗan abin da kowane gida zai riƙa sakawa a asusun gyara. Kada ku yi alkawarin rijiya ko asibiti a gaban jama'a don daɗin baki. Ƙauye ba ya manta alkawari.

12. Kwashe kaya da komawa

Kwalin allura da kayan gwajin da suka taɓa jini a rufe a tafi da su asibitin da ke ƙonawa, kada a bar su a bola, yara za su tone. A goge tebura da ruwan Jik, in mai ƙarfin kashi 3.5 ne, awo ɗaya a awo shida na ruwa. A share azuzuwa a mayar da bencina. Ragowar magani a ƙirga a rubuta, a miƙa wa mai kula da asibiti a gaban dagaci ya sa hannu, ba a bar wa mai bishara ko wani mai kemis ba. A yi sallama da dagaci, a faɗa masa mutum nawa aka gani da nawa aka tura.

Cikin satin a rubuta rahoto shafi ɗaya, kwafi ga sashen lafiya, kwafi ga dattawan ikilisiya tare da lissafin kuɗi har na man mota. Bayan sati huɗu zuwa shida mutum biyu su hau babur su koma da littafin nan da na'urar awon jini da tef. A zauna a zauren mai unguwa a bi sunayen waɗanda aka tura ɗaya bayan ɗaya: wa ya je, wa bai je ba, me ya hana shi. Wanda bai je ba a sake sa masa rana kafin a tashi, a rubuta sunan mai raka shi a gefen nasa.